Dutsen Dala da Sirrin Tsayuwarsa

Ɗalibin Unguwar Tudu mai sha'awar hawan dutse ba sai ya je Lesotho ba, ƙasar da ko kwarinta mafi zurfi yana mita 1,400 bisa teku. Motar Gwarzo ta isa ta kai shi Kano, inda Dala yake.

Dala tudun marmara ne. Ruwan sama ya daɗe yana zaizaye ƙasar kewayensa, amma ɓawon marmara mai tauri ya kāre wannan wuri, ya saura a tsaye. Jan launinsa kuwa tsatsar ƙarfe ce; tun ƙarni na 7 maƙera suka narka tama a wurin. Sai dai gidaje sun matse gindinsa, kowace damina kuma tana gutsurar gefensa. Malamin da zai kai ɗalibai, gara ya bari sai rani.