Gadon Marayu: Kafin A Kai Kotu, A Tsakar Gida Yake Fara Zurarewa

Tun daga farkon 2023, lokacin da aka gurfanar da wasu ma'aikatan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Kano bisa zargin karkatar da ɗaruruwan miliyoyin naira daga asusun kotun, wanda aka ce akwai kuɗin magada a ciki, wata magana ta samu gindin zama a majalisun hira. Da an ta da zancen rabon gado sai ka ji an ce, ai kai gado kotu asara ne, gara a rufa wa juna asiri a raba a gida. Zargin dai abin tashin hankali ne, kuma haƙƙin jama'a ne su ga ƙarshensa. Amma darasin da mutane suka ɗauka a ciki ya karkace. A ƙauyukan Dawakin Tofa, daga Tumfafi zuwa Jalli, daga Kwa zuwa Danguguwa, yawancin marayu ba su da ko sisi a asusun kotu. Abin da ubansu ya bari yana rumbu, yana turke, yana ƙarƙashin gado, kuma a nan yake salwanta tun kafin a yi arba'in.

Ka'idar rabon ba ɓoyayyiya ba ce, duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ta. Ana fitar da abin da ke ɗaure da haƙƙin wani kamar jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su karɓi rabonsu yadda Suratun Nisa'i ta yanka. Malaman fara'ili ba su yi ƙaranci a Kano ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya ranar rasuwa ya tabbatar da cewa abin da za a raba ɗin yana nan.

A ɗauki misalin magidanci da ya rasu bayan kaka, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata biyu, iyayensa sun riga shi. A rumbunsa akwai dami 64 na gero. Bisa lissafi, matan biyu suna da dami 8, kowane ɗa namiji dami 14, kowace 'ya mace dami 7. To amma gida ya cika da 'yan zaman makoki, an buɗe rumbu ranar uku, an sake buɗewa ranar bakwai, an yi gumba da fura da tuwon sadaka har arba'in. Idan dami 16 ya tafi ta haka, yarinyar da ke da dami 7 ta koma biyar da kwata, ba a tambaye ta ba, ba ta ma isa a tambaye ta ba. Baligi yana da ikon yi wa mahaifinsa sadaka daga rabonsa. Rabon yaro ƙarami kuwa, babu baffa ko yaya da shari'a ta ba ikon kyautar da shi.

Haka abin yake da sauran kaya. Babban wa ya hau babur ɗin marigayi ya ci gaba da zirga-zirga, har inji ya buga. An ba limami babbar riga, an ba aboki hula da agogo don tunawa. An sayar da ɗan akuya don sayen goro da sukari. Babu wanda ya yi haka da niyyar sata, kuma shi ya sa abin ya fi wahalar hanawa.

Wani abin da ake mantawa shi ne, dukiyar manomin wannan yanki ba a ɗaki kaɗai take ba. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano na cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma; masana irin su Michael Mortimore da Polly Hill, wadda ta yi bincikenta a Dorayi ta wallafa shi a 1977, sun nuna yadda ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu, da taki da tumaki da awaki ake riƙe ta. A irin wannan wuri jujin taki dukiya ne, harawar wake da ta gyaɗa da ke kan bishiya dukiya ce, haka ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke gona. Jaki, amalanke, garmar shanu, injin ban ruwa, injin markaɗe, tunkiyar da aka ba wata kiwo a wani ƙauye, zubin adashi, duk gado ne. Sai kuma sabon shiga, wayar marigayi, wadda sau da yawa kuɗinsa na OPay ko Moniepoint suna cikinta, kuma wanda ya san lambar sirri shi ke riga kowa.

Akwai kuma kishiyar haka, wato abin da ke hannun mamaci amma ba nasa ba. Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa take, kuma harkarta da yawa amana ce: wannan ya ba wancan kuɗi ya saya masa riɗi ya ajiye, wancan ya bar buhunan wake a shagon wani sai farashi ya tashi. Idan mai shago ya faɗi ya mutu ba rubutu, ko magada su cinye kayan mutane, ko wani ya zo ya yi da'awar abin da bai ajiye ba.

Inda aka fi tafka zalunci cikin rashin sani kuwa shi ne ɗakin mace.

A al'adar Bahaushe, iyayen amarya ne ke yi mata kayan ɗaki: gado, katifa, kujeru, kwanuka, jeren samira ko na tangaram, a da kuwa tasa da kumbo da langa. Lefe da sadaki nata ne. Keken ɗinkin da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli ko na saƙar tabarma nata ne, awakin da ta tara nata ne. Amma da miji ya rasu sai ka ga dangi sun shiga ɗaki suna ƙirga har da firjin da ta saya da adashinta, ita kuwa tana zaune a kan tabarmar takaba, kanta a sunkuye, kunya da baƙin ciki sun hana ta cewa uffan. Idan kuma ita ce ta rasu, sai abin ya juye: ko danginta su zo da mota su kwashe ɗakin kaf kamar babu miji babu 'ya'ya, ko mijin ya rufe ɗakin ya jira amarya ta zo ta gaje shi. Dukkansu kuskure ne. Kayanta tarikarta ne, miji yana da rubu'i idan ta bar ɗa ko 'ya, rabi idan ba ta bari ba, iyayenta da 'ya'yanta kowa da nasa.

Abin mamaki, malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a 1426, littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su har gobe, sun yi magana a kan jayayyar kayan gida tsakanin miji da mata ko magadansu. Idan akwai shaida, shaida ce ke aiki. Idan babu, abin da al'ada ta san na mata ne ana bar wa mace da rantsuwa, abin da aka san na maza ne, ko wanda duka biyun ke amfani da shi, ana bar wa ɓangaren miji da rantsuwa. Hukuncin ya jingina da al'adar wuri, kuma al'adar Kano a kan wanda ke yin kayan ɗaki ba ta da duhu. Haka nan mazhabar ta ba mai takaba haƙƙin zama a gidan da mijinta ya mallaka har ta cika wata huɗu da kwana goma, kuma idan tana da ciki ana dakatar da rabo har ta haihu. Wannan jiran shi ne ya sa tsare kaya ya zama wajibi, domin watanni ne da komai zai iya faruwa a cikinsu.

Tarihinmu ma bai bar mu a duhu ba. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu. Wato tsare tarikar mamaci na cikin abubuwan da aka yi jihadi a kansu. Daga baya aka san ushira, kashi ɗaya cikin goma da hukuma ke karɓa daga gadon da alƙali ya raba, abin da ya ci gaba a zamanin En'e yana shiga baitulmali. Ushira ta yi wa talaka nauyi, har ta sa wasu ɓoye kaya, kuma babu mai fatan ta dawo. Sai dai tana da wata fa'ida ta gefe: ba a fitar da ɗaya cikin goma sai an san goman, don haka dole a ƙirga, a yi kima, a rubuta. Bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, suna nan da Larabci, har Allan Christelow ya fassara wasu daga cikinsu ya wallafa a 1994. Kakanninmu da tawada da alƙalamin kara sun rubuta shari'o'insu ta yadda ake karanta su bayan shekara ɗari. Jikokinsu da waya mai kyamara a aljihu sun kasa ɗaukar hoton rumbu kafin a buɗe shi.

Kimar kaya ita ma tana da nata tarko. Farashin gero da kaka daban, da bazara daban, kowane yaro a Dawanau ya san wannan. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a tsakiyar 2023, kimar da aka yi wa babur ko injin ban ruwa bara ba ta da amfani bana. Saboda haka ranar rabo ake kima, ba ranar rasuwa ba, kuma abin da ake iya aunawa a raba, kamar hatsi, gara a raba shi da tiya da a mai da shi kuɗi. Zinare a kai shi sikeli wurin masu sana'ar, kada a kimanta da ido. Dabba a kira dillalin kara, tsofaffin kayan ɗaki a kira dillaliya, kuma su zama biyu, waɗanda ba su da rabo a ciki. Babbar ɓarna ita ce a bar wanda ke son sayen abu ya zama shi ne mai yi masa kuɗi. Yayan da ke kwaɗayin shanun huɗa ba zai taɓa ganin sun yi tsada ba.

Duk wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Yana buƙatar mai unguwa da limami da mutum biyu adilai, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, su shiga gida kafin sadakar uku da littafin makaranta na rubutu. A tambayi kowace mata a keɓe, ta bakin wata dattijuwa idan ta kama, mene ne nata. A ƙirga dami da buhu da dabba, a ɗauki hoto, a rufe rumbu da ɗakin maigida, makulli ya zauna a hannun wanda kowa ya yarda da shi. A yi shela a masallaci, mai bin bashi da mai ajiya su zo da shaida. Abin da iyali za su ci kafin rabo a auna a rubuta, wanda ke son ciyar da 'yan makoki kuma ya sa hannu a aljihunsa. Idan aka yi sa'a aka daidaita a gida, takardar ta zama hujja. Idan aka kai ga alƙali, an sauƙaƙa masa aiki, domin alƙali ba ya raba abin da ba a kawo gabansa ba.

Hakimi da dagatan Dawakin Tofa suna da ikon mai da wannan ya zama al'ada a mazaɓu goma sha ɗaya na ƙaramar hukumar cikin damina ɗaya, idan suka umarci masu unguwanni. Limaman Juma'a, waɗanda ke yawan tsoratar da mutane da ayar cin dukiyar maraya, su ƙara da bayanin yadda ake tsare ta a aikace. Hukumar shari'a ta jiha kuma ta tsabtace asusunta, ta bayyana wa jama'a inda aka kwana a kan waccan tuhuma ta 2023, don mutane su daina gudun kotu. Kai kuma maigida mai karanta wannan, tun kana da lafiya ka zauna da iyalinka ka rubuta abin da ke naka, da na matanka, da na mutane da ke hannunka, ka sa shaidu biyu su sa hannu.