Injin Mota a Bayan Kwale-kwale: Abin da Ruwa ke Nema

Shirinmu na yau daga Uba yake zuwa muku, garin da iyakar Adamawa da Borno ta ratsa tsakiyarsa. Kogin Yedzaram, wanda ya biyo ta Mubi ya wuce nan ya nufi Bama, da rani yashi ne ake takawa da ƙafa, amma idan damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, mai gona a tsallake ya koma neman ɗan fito. A irin wannan lokaci ne tambaya kan taso a garejin kanikawa: ga injinan ƙananan motoci irin su Starlet da Golf jibge a kasuwar kayan gyara, marasa nauyi, masu araha, me zai hana a ɗora ɗaya a bayan kwale-kwale ya riƙa tsaga ruwa da gudu? Amsar wannan shiri ita ce ana iya yi, kuma wasu ƙasashe sun daɗe suna yi. Sai dai wanda ya zaɓi inji don rashin nauyi da gudu kawai, ya fara gini daga rufi. Juriya ake fara dubawa, gudu shi ne na ƙarshe.

Bari mu soma da shaidar cewa abin yana yiwuwa. A ƙasar Tailan, a kogin Chao Phraya da ya ratsa birnin Bankok, akwai jiragen da ake kira masu dogon wutsiya. Injin mota ko na ƙaramar motar ɗaukar kaya ake ɗorawa a bayan jirgin, bisa wani ƙarfe mai juyawa, a haɗa shi da doguwar sanda wadda farfela ke can ƙarshenta. Matuƙi yana juya injin gaba ɗaya idan zai karya kwana, idan kuma ya iso wuri mara zurfi sai ya danna hannun injin, farfela ta ɗago daga ruwa. Manyan kamfanoni ma hanyar da suka bi ke nan. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ya fito da tsarinsa mai suna Aquamatic a 1959, kuma shekara da shekaru injinan motocin Volvo yake gyarawa su zama na ruwa. A Amurka, yawancin injinan MerCruiser daga injinan motocin General Motors suka samo asali. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya ciro inji daga mota ya ɗaure a jirgi yadda yake. Kowa sai da ya yi masa sauye-sauye, domin aikin ruwa dabam yake da aikin titi.

Ina bambancin yake? Mota idan ta kama hanyar Mubi zuwa Hong, direba ya sa giyar ƙarshe, ɗan kaɗan daga ƙarfin injinta take ci. Ta hau tudu ta yi nishi, ta samu gangara ta huta. Jirgin ruwa ba shi da gangara. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma da zarar an sassauta totur sai jirgi ya lafa. Injin jirgi kamar mota ce shaƙe da buhunan masara tana hawan dutsen da ba shi da ƙarshe, awa ɗaya, awa biyu, ba sararawa. Sannan lissafin farfela ba shi da tausayi: idan ana son ta ninka saurin juyawarta sau 2, ƙarfin da za ta nema wajen inji ya kusa ninki 8, mai kuma ya bi bayansa. Saboda haka ƙaramin injin da ke tsalle a kan kwalta, wanda sai an matsa masa sosai yake nuna ƙarfinsa, shi ne zai fara bugawa a kan ruwa. Wanda ya dace shi ne mai jan kaya tun yana juyawa a hankali, mai sauƙin wayoyi, wanda kayan gyaransa suke a kowane shago. Injin zamani mai kwamfuta da na'urori birjik yana da ƙarfi, amma laima abokiyar gabar wayoyi ce, kuma idan ya ɗauke a tsakiyar kogi babu gefen titi da za a faka.

Bayan an zaɓi inji, kuɗin gaske a wuri uku za su tafi, kuma na farko shi ne sanyaya shi. A mota, iskar gudu ce ke bugun lagireto. A jirgi wannan iska ba ta isa. Dabarar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce a zuƙo ruwan kogi a tura shi cikin inji kai tsaye. To amma duk wanda ya ga Yedzaram ko Binuwai a watan Agusta ya san jan ruwa ne mai yashi da taɓo. Yashin yana cinye famfo, taɓon yana toshe hanyoyin ruwa, kuma injin alminiyom, wanda aka so shi don rashin nauyi, shi ne ba ya jure tafasa: kansa ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Hanyar da masana suka bi ita ce a bar ruwa mai tsabta yana zagaya inji, ruwan kogi kuma ya bi ta wasu bututu dabam yana ɗauke masa zafi, tare da rariya mai tace datti a bakin shiga. Salansa ma sai an ɗaga wuyanta sama da ruwa, don kada igiya ta koro ruwa cikin inji idan an tsaya.

Na biyu shi ne haɗin inji da farfela. Farfela tura jirgi take yi, kuma wannan turi ta cikin sanda yake biyowa. Idan aka ɗaure sandar kai tsaye a bayan inji, duk ƙarfin tura jirgi da fasinja zai faɗa kan karanshaf, wanda ba a ƙera shi don ɗaukar irin wannan dannawa ba. Dole a sa boris na musamman da zai karɓi turin ya miƙa shi ga jikin jirgi. Haka kuma injin mota yakan juya fiye da sau 4000 a minti, babbar farfela kuwa idan ta yi irin wannan sauri kumfa kawai take kaɗawa, ƙarar ta cika kogi jirgi bai je ko'ina ba. Shi ya sa ake buƙatar giya mai rage juyi, da farfelar da aka auna daidai da ƙarfin injin. Na uku, kuma mafi hatsari, shi ne wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa yana kwanciya a cikin ƙasan kwale-kwale kamar ruwa a kwarya. Tartsatsi ɗaya daga kik ko kan batir ya isa. Tanki a nesa da inji, bututun mai mara yoyo, inji a sarari inda iska ke kaɗawa, da tukunyar kashe gobara a kusa da hannu, waɗannan ba ado ba ne.

Wani mai sauraro zai ce, to duk wannan wahala ta me? Ga injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da 'yan fito ke ratayawa a bayan jirgi a Jimeta da Numan da Baga, bai kai kilo 80 ba, an ƙera shi don ruwa tun daga masana'anta. Wannan magana gaskiya ce, kuma ga mai ƙaramin jirgi da ke da kuɗinsa, shi ne zaɓin hankali. Injin mota da kayan haɗinsa ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma idan aka lissafa giya da sanda da famfo, arahar da aka gani da farko takan ragu. Araha dai ba ta ado. Amma hujjar ba ta rufe ƙofa ba. Sabon injin rataye da dala ake shigo da shi, kayan gyaransa ba ko'ina ake samu ba, alhali fistin da ringi na ƙaramar mota kowane bakanike a Mubi ya san su ido rufe. Ƙari a kan haka, kogunanmu suna janyewa su bar tsibiran yashi, inda ƙafar injin rataye ke karo da ƙasa, mai dogon wutsiya kuwa ya ɗaga farfelarsa ya wuce. Inda jirgi yake da girma, ruwa ba zurfi, gyara kuma a gida za a yi, injin mota yana da gurbinsa.

Wani kuma zai ce, ai gudun shi ne riba: sawu goma ya fi sawu biyar. A nan ne ya kamata mu tsaya. Kwale-kwalen katako da aka sassaƙa don filafili ba a yi shi don ya tashi a kan ruwa ba. Ƙara masa ƙarfi, hancinsa ya ɗaga, bayansa ya nutse, kwana ɗaya mai kaifi ta kifar da shi. Jirgin gudu ƙirarsa dabam ce tun daga gindi. Kuma ƙasar nan ta ga abin da ruwa ke yi. A watan Nuwamban 2021 mutum aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, suka rasu a Bagwai ta jihar Kano. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka salwanta a yankin Patigi ta jihar Kwara. Lodi fiye da ƙima aka yi ta ambata a waɗannan haɗura, kuma jirgin da lodi ya riga ya danne, gudu ƙarasa shi yake yi. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida ba ta daina nanata rigar kariya da barin tafiyar dare ba. Injin da ya fi ƙarfin jirginsa yana rushe duk wannan gargaɗi a cikin daƙiƙa kaɗan.

Don haka kiranmu ga kanikawa da masu walda na Uba da Mubi shi ne, hannun da ya mai da injin mota na niƙa da na ban-ruwa zai iya wannan ma, in ya bi tsari. A fara auna jirgi da kayan da zai ɗauka, sannan a nemo masa inji. A gwada shi babu fasinja, a bar shi ya yi aiki awa guda cur ana duban ma'aunin zafi. Idan allura ta tsaya cak, an yi aiki. Idan tana hawa, a koma gareji, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya tsallakar da mu lafiya.