Na'ura na yi masa numfashi, amma wa zai yi masa tari?

Idan babur ya kayar da mutum a Filinge ya ji rauni a ƙashin wuya, ko tetanos ya sarƙe masa haƙora, ba a daɗewa ake ɗora shi a mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita 180 ko kusa da haka, ta Baleyara. A babban asibiti, irin wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016, sai a shigar da shi sashen kulawa ta musamman da ma'aikata ke kira reya, a zura masa bututu a maƙogwaro, a haɗa shi da na'urar numfashi. Dangi a waje su ce alhamdulillahi. Sai dai akwai aikin da wannan na'ura ba ta yi, wato tari.

Mu mun ɗauki tari a matsayin ciwo, alhali shi ne ke share huhu. Mai lafiya yakan ja iska da yawa, ya rufe maƙoshi, naman ciki ya matsa, sannan ya saki iskar da ƙarfi ta kwaso majina. Shi kuwa bututun nan ta tsakiyar maƙoshin yake bi, ya hana shi rufewa. Ga maganin barci, ga doguwar kwanciya da ke cinye ƙarfin jiki. Majina ta taru ta yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ciwon huhu ya biyo baya. Masu jinya kan zuƙe ta da siririn tiyo, amma tiyon ba ya kai wa can ƙasa, kuma ya fi saurin faɗawa huhun dama ya bar na hagu. Likitoci sun lura cewa idan iskar tari ba ta kai gudun lita 160 a minti ba, da wuya ta fitar da komai, kuma irin wannan majiyyaci ne ake cire wa bututu a sake mayarwa.

Akwai kuma na'urar tari, wadda aikinta kamar zugazugin maƙeri ne mai turawa da ja. Tana cika huhu da iska a hankali, sai ta juya nan take ta zuƙo ta da ƙarfi. A yi haka sau huɗu ko biyar, a huta, a kwashe abin da ya taso. An ƙera ta a Amurka a shekarun 1950 domin masu shan inna, aka yi watsi da ita, sannan ta dawo a 1993. Ga waɗanda cutar jijiya ta kashe wa ƙarfin jiki, amfaninta a fili yake. Ga manya da ke kan na'urar numfashi kuwa, wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2017 ya nuna hujjar ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ba a kuma sa ta ga wanda huhunsa ya huje, ko wanda bugun jininsa bai daidaita ba.

A ganina, kafin a yi zancen sayo ta, abin da ya fi gaggawa ga Kurfayawa, mutanen yankin Filinge, shi ne hannu. Ma'aikacin kine, wato mai motsa gaɓoɓin majiyyata, yakan ɗora tafinsa a saman cikin majiyyaci, ƙasa da haƙarƙari, ya jira ya ja numfashi, sannan ya tura ciki da sama daidai lokacin da ya yunƙura zai yi tari. Wannan ba ya neman lantarki. Mai raunin ƙashin wuya zai dawo Kurfai da tarinsa a raunane, watakila har ƙarshen rayuwarsa, ga hunturu da ƙurarsa na jiransa. Matarsa ko ɗansa ne za su kwana a gefensa. Ya kamata a koya musu dabarar a bakin gado tun kafin sallama, su gwada a gaban ma'aikaci, a kuma gaya musu kada su yi ta bayan cin abinci, ko ga mai ciki, ko ga wanda haƙarƙarinsa ya karye.