Makunni Mai Mazauni Biyu

Jama'a, a ɗauki tsinken kaba irin na masu saƙar tabarma a ƙasar Daura, a matse shi tsakanin yatsu biyu. Zai lanƙwashe gefe guda. In an tura cikinsa sai ya yi ta turjiya, can kuma ya zabura ya koma ɗaya gefen, ya zauna daram. Wato mazauninsa biyu ne, ba na uku.

Tun 1744 Leonhard Euler ya lissafa ƙarfin da kan lanƙwasa sanda haka. A 2004 kuwa, Qiu da Lang da Slocum na jami'ar MIT a Amirka suka bayyana irin wannan tsinke, wanda aka sassaƙa daga silikon, bai ko kai kaurin gashi ba. Biyu suka haɗa a tsakiya, don kada ya murɗe. Zafin lantarki ke tura shi: gefe guda ya haɗa wuta, ɗayan ya yanke ta.

Amfaninsa kuwa, sai wajen sauyawa yake cin wuta, zamansa kyauta ne. Wanda ya taɓa biyan kuɗin cajin waya a Baure ko Zango ya san darajar wannan tattali.