Tsakanin gona da gayya: Yadda damina ke raba lokacin manomi a Kwarin Haɗejiya

Daga watan Yuni zuwa Oktoba, babu abin da ya kai lokaci tsada a ƙauyukan da ke bakin Kogin Haɗejiya a Jihar Jigawa. A cikin waɗannan watanni ne magidanci ke noma abincin da zai ci da iyalinsa har shekara ta zagayo. A cikinsu ne kuma kogi ke cika, sauro ke yawaita, hanyoyi ke yankewa, rumbuna ke ƙarewa. Don haka gona na kiran mutum a daidai lokacin da gari ke kiransa, shi kuwa jiki ɗaya gare shi.

Aikin damina ba ya jira. Da zarar ruwan shuka ya sauka, ana da 'yan kwanaki kaɗan a binne irin gero da dawa kafin ƙasa ta sha iska. Bayan tsiro sai noman firi, sai maimai, sai zuba taki, a tsakani kuma a shuka wake da riɗi da gyaɗa. Masu fadama suna da nasu na dashen shinkafa. Wanda ya yi jinkirin mako guda a kan ciyawa, a rumbu zai ga sakamakon. Shi ya sa ake fita tun bayan sallar Asuba, a yi aiki kafin rana ta take, a sha fura a gindin bishiya, wasu su koma da La'asar su ƙarasa abin da ya saura.

Tun kaka da kakanni, gayya ce hanyar da Bahaushe ya samo ta cike wannan giɓi. Mai gona ya sanar da rana, matasan unguwa su taru da fartanya, shi kuma ya ɗauki nauyin abinci da goro. Abin da mutum ɗaya zai yi kwana goma a kansa sai a gama kafin Azahar. Ba a biyan lada, amma bashi ne da kowa ke riƙe da lissafinsa a zuci: wanda aka yi wa yau, gobe ana sa ran ganinsa a gonar wani. A irin wannan tsari ne ake nome gonar marayu, da ta dattijon da ƙarfi ya ƙare, da ta wanda ciwo ya kwantar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai a Kwarin Haɗejiya gayya ta wuce kunyar gona, ta shiga cikin ruwa. Tun bayan gina madatsun ruwa na Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yanayin gudanar kogin ya sauya. Inda a da yake cika da damina ya janye da rani, yanzu ruwa na kwanciya a wurare da dama duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacalla damar mamaye magudanai. Kacalla tana rage gudun ruwa, yashi da laka su taru a gindinta, hanya ta toshe, ruwan ya fasa ya shiga gonaki da gidaje. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki ke samun mafaka, su fito da safe su afka wa gero da shinkafa.

Saboda haka mazauna ƙananan hukumomi irin su Auyo da Kirikasamma da Guri sun daɗe suna shiga ruwa da lauje da adda da kwalekwale suna yankan kacalla. Idan malka ta kankama a watan Agusta, aikin ya koma na jinga: a cika buhuna da yashi, a jera su a inda ake fargabar ɓallewa, a raba wa matasa kwanan gadi don kada ruwa ya yi wa gari shigar dare. Bulama ko mai unguwa ne ke sa a yi shela, masu hali su kawo buhuna da man babur, mata su dafa abinci. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, kuma tun kafin kayan agaji su iso, mutanen gari ne ke tsaye a bakin jinga.

Akwai wani aikin sa kai da ya fi wannan shiru, amma bai gaza shi muhimmanci ba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina a yankin Sahel. Ana bayar da shi sau ɗaya a wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Masu rabon 'yan gari ne, maza da mata, waɗanda ke bin gida-gida su biyu-biyu. Su ne ke ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su rubuta a kati. A ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, tafiyar da suke yi cikin taɓo tana tsakanin yaro da gadon asibiti.

To amma kwanakin rabon magani suna faɗawa ne a tsakiyar maimai da zuba taki. Matashin da ya ba da kwana huɗu a wata, ko dai ya bar ƙaninsa a gona, ko ya ɗauki ɗan ƙwadago da kuɗin aljihunsa, ko ya bar ciyawa ta ci rabonta. Macen da ta fita kuwa ta bar girki da surfe da 'yar gonarta ta bayan gida. Wasu gidajen sun samo dabara: a raba 'ya'ya, wani gona wani jinga, ko a mayar da aikin gari ranar Juma'a da safe lokacin da da yawa ba sa zuwa gona. Duk da haka lissafin ba ya cika fita daidai.

Ita kanta gayyar tana fuskantar sauyi. Maganin feshi ya rage buƙatar taron noma, ƙwadago na kuɗi ya maye gurbin ramuwa, matasa da dama kuma sun tafi birane neman na kansu. Waɗanda suka rage su ne ke ɗaukar gona da jinga da rabon magani gaba ɗaya.

A nan ne batun ya shafi teburan Abuja. Kowace shekara NiMet na fitar da hasashen damina, Hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya, NEMA kuma na gargaɗi. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ita ke kula da madatsun da ke saman kogin. Amfanin duk waɗannan ya dogara ne da lokaci. Yashe magudanai aikin rani ne, kafin ruwa ya zo. Takin da ya iso bayan gero ya yi bunni ya makara. Ɗan alawus ɗin mai rabon magani, idan ya yi watanni kafin ya fito, ba ya biyan ɗan ƙwadagon da aka ɗauka a Agusta, kuma baɗi da wuya a sami mai amsa kira.

Takardar da ta kwana mako uku tana jiran sa hannu, a ofis ƙaramin jinkiri ce. A Auyo ko Guri, mako uku shi ne tsakanin jingar da ta tsaya da wadda ta ɓalle. Shinkafa da geron da ake saye a kasuwannin Wuse da Utako suna fitowa ne daga irin waɗannan gonaki, kuma farashinsu na kaka yana farawa ne daga abin da aka yi, ko aka kasa yi, a watannin malka.