Shan shokola a ƙaramin shago: yadda ake haɗa ta, da abin da ke cikin kofinku

Da yawa daga cikinku sun taɓa zama teburin mai shayi, aka ɗebo gari mai launin ƙasa daga gwangwani, aka zuba ruwan zafi da madara, kuka sha da burodi. Ana kiran wannan abin sha shokola, wasu kuma su ce cakulan. A wasu ƙasashe akwai ƙananan shaguna da ba su da wata sana'a sai haɗa ta da hannu, tun daga ƙwaya har zuwa kofi. Za mu kai ku ɗaya daga cikin waɗannan wurare, domin ku san bambancin shokola ta ainihi da wadda sukari ya rinjaya.

Daga ina shokola take fitowa?

Ana yin ta da ƙwayar wani itace mai suna kakawo. A Najeriya da Gana ana ce masa koko, amma ba shi da alaƙa da kokon gero da muke sha da safe. Itacen yana son inuwa da ruwan sama mai yawa kusan duk shekara, shi ya sa ba ya fitowa a Nijar. Yana fara haihuwa bayan shekara 3 zuwa 5. Ƴaƴansa suna fitowa a jikin kututture, kowane ɗa da ƙwaya 30 zuwa 40 a ciki. Kakawo da goro dangi ɗaya ne. Dukansu suna da ɗaci, kuma suna da sinadarin da ke wartsake jiki ya rage barci.

Asalin itacen daga nahiyar Amurka yake, inda aka san amfaninsa fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Ƙabilun Maya da Aztek na ƙasar Meksiko suna niƙa ƙwayar, su dama da ruwa, su sa barkono, su sha ba sukari. Har ciniki suke yi da ƙwayar, kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri. Bayan Turawan Sipaniya sun ci ƙasar a 1521, suka kai abin sha ɗin Turai, suka ƙara masa sukari da kirfa.

Shagon shokola a birnin Wahaka

A kudancin Meksiko akwai birni mai suna Wahaka. Kusa da babbar kasuwarsa akwai wani titi da ake kira Mina, inda shagunan shokola suke jere. Tun daga nesa ƙamshi zai tarye ku. A cikin shagon za ku ga buhunan ƙwayar kakawo da injunan niƙa, kamar gidan niƙan hatsi na unguwarku.

Mai saye shi ne yake faɗin yadda yake so: kilo nawa na kakawo, kilo nawa na sukari, kirfa kaɗan ko da yawa. Kowane gida da irin awonsa. Mai injin zai zuba gasasshiyar ƙwaya da kirfa, ya niƙa. Wajen rabin ƙwayar kakawo mai ne, saboda haka ba gari ke fitowa ba, sai wani baƙin ƙulli mai zafi da sheƙi, kamar ƙullin gyaɗa kafin a matse mai. Sai a gauraya shi da sukari, a sake niƙawa. Daga nan a dunƙula shi da hannu, a bar shi ya huce ya daskare. Kafin zuwan injin, mata a kan dutsen niƙa suke wannan aiki.

Idan kuna son sha a nan take, za a tambaye ku: da ruwa ko da madara? Za a jefa dunƙulen cikin tulun ƙasa mai ruwan zafi, ya narke. Sai a ɗauko wani sassaƙaƙƙen itace mai suna molinilo, a murza shi tsakanin tafin hannu biyu har kumfa ta taso. Duk macen da ta taɓa burga miya za ta gane shi, domin maburgi ne sak. Ana kawo shokolar a kwano tare da burodi mai ƙwai da ake tsomawa. Mutanen Wahaka suna shan ta da safe, da ranar aure, da ranakun 1 da 2 ga Nuwamba da suke tunawa da mamatansu.

Mai sha ba ya gaggawa. Yana fara shaƙar ƙamshin, ya kurɓi kumfar, sannan ya ji ɗaci kaɗan, da zaƙi, da maiƙo a harshe. Wannan ɗacin shi ne shaidar cewa kakawo na da yawa a ciki.

Me ya bambanta ta da ta gwangwani?

A 1828 wani mutumin Holan mai suna Van Houten ya samu izinin wani injin matsa da ke raba man kakawo da tunkuzarsa. Tunkuzar ce ake dakawa ta zama garin kakawo. Garin ya fi arha, ya fi saurin damuwa da ruwa, amma yawancin man ya fita. Masana'antu kuma sukan cika shi da sukari da garin madara. A gwangwanaye da yawa, sukari ya fi kakawo nauyi nesa ba kusa ba.

Ga yadda za ku gane. Ku juya gwangwanin, ku nemi jerin abubuwan da aka zuba. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, a ƙare da mafi ƙaranci. Ku riƙe kalmomi biyu na Faransanci: «sucre» shi ne sukari, «cacao» shi ne kakawo. Idan «sucre» ne a gaba, to sukari ne ya fi kowane abu yawa a cikin abin da kuka saya.

Gumin wa ke cikin kofin?

A 1879 wani maƙeri ɗan Gana mai suna Tete Kwashi ya komo gida da ƙwayar kakawo daga tsibirin Farnando Po, ya shuka a garin Mampon. Daga nan noman ya yaɗu a ƙasar. A yau Kwaddibuwa da Gana su biyu suke noma wajen rabin kakawon duniya. Wanda ya je cin rani can ƙila ya ga aikin da idonsa: a fasa ƴaƴan da adda, a rufe ƙwayar da ganyen ayaba wajen kwana 6 ta ruƙa, a shanya ta a rana wajen mako ɗaya. Idan ba a ruƙa ta da kyau ba, shokolar ba za ta yi ƙamshi ba. Manomi ne ke shan wannan wahala, amma abin da yake samu daga kuɗin shokola kaɗan ne, domin yawancin ƙwayar ɗanya ake fitar da ita, a sarrafa ta a Turai da Amurka. A 2024 amfanin gona ya ragu saboda cutar itace da rikicewar damina, har farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000.

Yadda za ku haɗa taku a gida

1. Ku nemi garin kakawo zalla, wanda ba a sa wa sukari ba.
2. Ku tafasa ruwa kofi ɗaya, ko madara, tare da ɗan ɓawon kirfa.
3. Ku kwaɓa babban cokali ɗaya na garin da ruwa kaɗan, don kada ya yi gudaji.
4. Ku zuba cikin tukunyar, ku sa sukari ƙaramin cokali 1 ko 2.
5. Ku burga da maburgi mai tsabta wanda bai taɓa miya ba, har kumfa ta taso.

Abin lura

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rage sukari. Ga babban mutum, kada ya wuce wajen giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, har da wanda ke cikin shayi da lemon kwalba. Rabin haka ya fi. Mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin ya sha. Kada a ba yara da dare, domin tana iya hana su barci. Kada a ba jariri ɗan ƙasa da wata 6 komai sai nonon uwa. Shokola abin marmari ce, ba ta maye gurbin fura ko kunun gyaɗa wajen ciyar da iyali.

Ranar kasuwa mai zuwa, ku ɗauki gwangwani biyu a kanti, ku karanta jerin kowanne, ku ga wanda kakawo ya zo a gaba. A zama na gaba ku gaya wa ƴan ajinku abin da kuka gani.