Albashin Gwamnati da Katin Jam'iyya: Ina Iyakar Bakin Ma'aikaci?

Ma'aikacin gwamnati mutum ne mai riga biyu. Ɗan ƙasa ne da tsarin mulki ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da shiga jam'iyyar da ta kwanta masa, kuma ma'aikaci ne da ake biya daga aljihun jama'a domin ya yi wa kowa aiki, da wanda ya zaɓi gwamnati mai ci da wanda bai zaɓe ta ba. Ita ma gwamnatin riga biyu gare ta: hukuma ce da aka hana ta toshe bakin 'yan ƙasa, kuma uwargijiya ce mai son ofishinta ya tafi lami lafiya. Kowace ƙasa ta ja layi tsakanin waɗannan biyu, kuma inda layin ya faɗa ya danganta da abin da ya taɓa cizon ƙasar a tarihinta.

A Amurka da farko ra'ayin kotuna bai wuce "kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski" ba. A 1892 alƙali Oliver Wendell Holmes ya yanke wa wani ɗan sanda da aka kora a jihar Massachusetts hukuncin cewa yana da 'yancin maganar siyasa, amma ba shi da 'yancin zama ɗan sanda. Sai a 1968 lamarin ya juya. Wani malamin sakandare a jihar Illinois, Marvin Pickering, ya aika wa jarida wasiƙa yana sukar hukumar ilimi kan fifita wasanni a rabon kuɗi, aka sallame shi. Kotun Ƙoli ta ce korar haramtacciya ce: idan ma'aikaci ya yi magana a matsayin ɗan ƙasa kan abin da ya shafi jama'a, sai an ɗora 'yancinsa da buƙatar ofis a kan sikeli. Amma a 2006, a shari'ar wani lauyan gwamnati a Los Angeles mai suna Richard Ceballos, kotun ta ce maganar da ma'aikaci ya yi a cikin gudanar da aikinsa ba ta da wannan kariya. Abin mamaki, wanda ya kai ƙorafinsa ga jarida zai iya fin wanda ya rubuta wa shugabansa rahoto samun mafaka.

Batun jam'iyya kuwa, ciwon Amurka shi ne rabon ganima. A ƙarni na 19 duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta share ofisoshi ta zuba 'yan lelenta, har ta kai wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba James Garfield a 1881. Bayan shekara biyu aka kafa dokar ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, a 1939 kuma dokar Hatch ta hana ma'aikatan tarayya tsunduma cikin yaƙin neman zaɓe, kafin a sassauta ta a 1993. A 1976 Kotun Ƙoli ta haramta korar ƙananan ma'aikata don kawai ba 'yan jam'iyya mai mulki ba ne, ban da masu muƙaman tsara manufofi. Wata shari'a ta 2016 ta nuna nisan wannan kariya. An rage wa ɗan sanda Jeffrey Heffernan girma a birnin Paterson saboda an gan shi ɗauke da allon kamfe na abokin hamayyar magajin gari, alhali mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya ce ta aike shi. Kotu ta ce ko da zato ne kawai aka yi masa, niyyar hukumar ta saɓa wa tsarin mulki.

Jamus tsoronta daban. Jamhuriyarta ta farko ta rushe a 1933 cike da jami'ai da alƙalan da ba su taɓa ƙaunarta ba, don haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka wajabta wa ma'aikaci ya tsaya wa tsarin dimokuraɗiyya, a ofis da wajen ofis. Shiga jam'iyya halal ne gare shi; abin da ake bincike shi ne wace jam'iyya. A Janairun 1972 shugaban gwamnati Willy Brandt da shugabannin jihohi suka fitar da umarnin tantance masu tsattsauran ra'ayi, aka binciki mutane kimanin miliyan 3.5, har da malaman makaranta da masu raba wasiƙu da ma'aikatan jirgin ƙasa. Brandt da kansa ya yi da-na-sani daga baya. Dorothea Vogt, malamar Jamusanci da Faransanci a garin Jever, ta rasa aikinta a 1987 saboda rawar da take takawa a jam'iyyar kwaminis. Jam'iyyar ba haramtacciya ba ce, kuma babu wanda ya taɓa zargin malamar da cusa wa ɗalibai aƙidarta. A 1995 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce an wuce gona da iri, da ƙuri'a 10 a kan 9. Wannan tazara ta ƙuri'a ɗaya ta isa shaida kan wuyar lamarin.

Faransa ta raba ra'ayi da furuci. Tun 1954 babbar kotun harkokin mulki ta soke matakin hana Yves Barel zana jarrabawar makarantar horar da manyan jami'ai bisa zargin kwaminisanci. Ma'aikaci zai iya yankar kati, ya tsaya takara, amma ana buƙatar ya san bakinsa, kuma gwargwadon girman kujera gwargwadon kamun kai. Sojan da ke bakin aiki kuwa ba ya shiga jam'iyya. Birtaniya, wadda ta fi damuwa da a ga ma'aikacin da minista na kowace jam'iyya zai amince da shi, ta kasa ma'aikata gida uku: 'yantattu, na tsakiya masu neman izini, da manya waɗanda aka nisanta da siyasar ƙasa.

Intanet ta ƙara dagula iyakar ofis da gida. A Ostireliya, Michaela Banerji ta ma'aikatar shige da fice ta yi ta sukar manufofin gwamnati kan 'yan gudun hijira a Twitter da sunan ɓoye. An gano ta aka kore ta, kuma a 2019 babbar kotun ƙasar baki ɗaya ta goyi bayan korar.

Najeriya ta gaji tsarin Birtaniya a ƙa'idojin aikin gwamnati, waɗanda suka hana ma'aikaci harkar jam'iyya, amma kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin furuci a sashe na 39 da na shiga jam'iyya a sashe na 40. A shari'ar da marigayi Balarabe Musa da wasu suka yi da hukumar zaɓe, Kotun Ƙoli ta bayyana a 2003 cewa tanadin dokar zaɓe da ya hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan jam'iyya ya ci karo da tsarin mulki. Duk da haka ƙa'idojin aikin ba su sauya zani ba, kuma ma'aikaci da yawa kan zaɓi yin shiru don gudun takardar tuhuma ko canjin wurin aiki. Abin da babu ja-in-ja a kansa shi ne takara: ma'aikacin da ke neman kujerar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.